Rubutun Malam Gwadabe Ya Cika Tsabta

Akwai wata yarinya a Panshekara mai suna Badi'a Zakariyya, wadda ta yi alkawari tsakaninta da Allah cewa sai ta ga bayan wani mutum ko da abin zai ɗauke ta shekara goma.

Shekara goman kuwa ya ɗauke ta cif, domin jami'a ba ta san ana sauri ba.

A lokacin shekararta goma sha tara. Ta gama sakandare, ta zauna jarrabawar shiga jami'a tana neman famasi, wato ilimin haɗa magunguna, sai maki shida suka gaza. Maki shida ba su da nauyi a baki, amma sun isa su zaunar da mutum a gida.

Mahaifinta, Malam Zakariyya, lebura ne a wani kamfanin fata a Challawa. Ba shi da wanda zai ɗaga wa waya a jami'a. Sai aka ba su shawarar ta nemi karatun share fage, wanda ɗalibai ke ce wa rimidiyal. Shekara guda ce ana sake wa mutum kimiyyar sakandare daga tushe. In ya ci, ya wuce ajin farko na jami'a. Shi ma ɗin sai an zauna jarrabawar tantancewa, sau ɗaya a shekara.

Kafin ranar ta zo, Badi'a ta sami aiki a wani kamfanin haɗa magunguna a Sharada. Aikinta shi ne ninke 'yar takardar bayani ta cusa a kwali, takardar nan da ba a karantawa sai an riga an sha maganin. Ita kam karantawa take yi, har ta haddace.

Supabaizan wajen shi ne Malam Gwadabe. Gajere ne, mai biro uku a aljihu, kuma tun kafin a haifi Badi'a yake haɗa maganin zazzaɓin yara na ruwa. Ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Abin da ya tsana a duniya shi ne mai digiri. Ya ga famasis tara sun zo sun wuce, kowanne ya shigo da farar riga yana tambayarsa inda makunnin tanki yake, sannan ya koma ofis ya sa hannu a matsayin shugabansa.

Dokar kamfanin ita ce ba mai fita get a lokacin aiki sai da takardar fita mai sa hannun supabaiza. Wanda kuma ya ƙi zuwa aiki ba izini, kafin azahar an ɗauki wani daga masu jira a bakin get.

An sa jarrabawar ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Tun da saura mako guda Badi'a ta sanar da shi. Ran Talata ta shigo aiki ƙarfe shida, da ƙarfe tara ya buga ta kai masa takardar fita. Ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihu kusa da birorinsa.

"Bari a gama wannan layin."

Ƙarfe goma ta koma.

"Malam, don Allah ku taimaka, lokaci yana tafiya."

"Wai jarrabawar mece ce ma?"

"Ta rimidiyal ce. Share fagen famasi."

Ya juya ga matan da ke kan layi, ya ɗaga murya don inji kada ya cinye maganar.

"Kun ji fa! Jami'a ta duba 'yar Zakari ta ce sai an wanke ta shekara guda kafin a zuba mata karatu. Mu nan kwalba muke wankewa, ita ma minti biyu ne. Ke wane irin datti ne da ke haka?"

Aka yi dariya. Ba don abin ya ba kowa dariya ba, sai don mai biro ne ya faɗa.

Sha biyu da minti ashirin ya sa hannu. Badi'a ta tari adaidaita sahu, ta isa ta tarar ana fitowa. Mai tsaron ƙofa ya duba takardarta da tausayi ya ce, "Sai baɗi, 'yata."

A hanyar komawa gida ba ta yi kuka ba. A nan ne ta yi alkawarin da na faɗa muku.

Mahaifinta ya ce ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma za ta riƙa leƙawa ta ga inda aka kwana.

Da shekara ta zagayo ta ajiye aikin tun saura wata guda, ta zauna jarrabawar, ta ci.

Duk wanda ya yi rimidiyal ya san yadda abin yake. Kana cikin jami'a amma ba ɗan jami'a ba ne kai. Katinka launinsa daban, ajinku can ƙarshen makaranta kusa da gonar gwaji, 'yan aji ɗaya da suka girme ka da wata uku a harabar suna kiranka ɗan haya. Su ɗari huɗu da wani abu ne masu neman famasi a shekarar, gurbin kuwa ashirin da biyar.

Badi'a ba ta da lokacin jin haushin kowa, domin ta riga ta ba wa mutum ɗaya duk haushin da take da shi. In lissafin kemistiri ya ƙi fita, sai ta tuno fuskar Gwadabe, ya fita. Wasu da shayi suke karatu, ita da shi take yi.

A ɗakin gwaji akwai wani dattijo, Malam Lawan, mai kula da kayan aiki da littattafan gwajin ɗalibai. Ba shi da digirin digirgir, amma furofesoshi ma ba sa taɓa sikelinsa sai sun yi sallama.

Gwajin farko da suka yi, Badi'a ta rubuta sakamakonta a wata 'yar takarda, ta koma gida ta kwafe shi cikin littafi da rubutu kamar na ɗab'i, ta ja layi da rula. Da aka dawo da littattafai, ta ga sifili. Wadda ke kusa da ita, mai littafi kamar kaza ta yi tonon tsaba a kai, ta ci takwas cikin goma.

Ta same shi a ofis.

"Malam, ina ga an yi kuskure. Amsata daidai ce."

"Daidai ce. A ina kika rubuta ta?"

"A gida na kwafe, don ya yi tsabta."

"To ai shi ne. Ni ban ga gwaji a nan ba, wasiƙa na gani." Ya juya mata littafin. "Duba. Biro ɗaya, hannu ɗaya, ba ɗigon ruwa, ba kuskure ko guda. Mutumin da ke tsaye gaban sikeli, safar hannu a hannunsa, ba ya rubutu haka. Abin da kika gani, ki rubuta shi a lokacin da kika gan shi, a inda kika gan shi. In kin yi kuskure, ki ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ki sa hannu, ki sa kwanan wata. Ba fensir, ba gogewa, ba yage shafi."

"Amma Malam, ba ƙarya na yi ba."

"Na sani. Sai dai da mai ƙarya da mai kwafe gaskiya, littafinsu iri ɗaya ne. Ni kuma ba malamin duba ba ne."

Sifilin ya zauna. Ta ƙara Malam Lawan a jerin waɗanda za ta rama wa, amma kafin ƙarshen zango ta cire shi, don ta gane yana da gaskiya, kuma jerin ba ya ɗaukar mutum biyu.

Ta fito ta bakwai cikin ashirin da biyar ɗin. Sai shekara biyar na famasi, waɗanda yajin aiki ya mayar shida. Sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. A tsakani ta yi aure, ta haihu, ta koma Zawaciki da zama. Abubuwa da yawa sun canja a rayuwarta. Gwadabe bai canja ba.

Da ta gama, wani babban asibiti ya kira ta. A makon ne kuma ta ji kamfanin nan na Sharada yana neman famasis, don na goma sha uku ya tafi. Ta zaɓi Sharada.

Mahaifinta ya ce, "Badi'a, asibiti fa aka ce. Mene ne a Sharada?"

"Baba, akwai aikin da na bari ban gama ba."

Matsayin da aka ba ta shi ne mai kula da ingancin magani. Lasisinta ne aka rataye a bangon ofis, kuma ko kwalba ɗaya ba ta fita kasuwa sai da sa hannunta.

Ranar farko aka zaga da ita. A ɗakin haɗi ta gan shi. Ya yi furfura, ya ɗan rame, birorin suna nan uku. Ta tsaya ta cire takunkumin fuska don ya gan ta da kyau. Shekara goma tana shirya wannan tsayuwar.

Ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ga makunnin tanki nan ta hagu, in za a buƙata."

Bai gane ta ba. Ko alama.

Ta mayar da takunkuminta. Ta wuce abinta. Mai farauta ba ya yi wa barewa sallama.

Wata huɗu tana jira. Ta auna duk abin da ya haɗa, ta sake aunawa. Abin takaici, mutumin ya iya aiki.

Sai ga wata Litinin. Aka gwada zubin maganin zazzaɓin yara na makon da ya wuce, kwalba dubu goma sha shida, aka ga ƙarfinsa kashi sittin da biyu ne cikin ɗari. Wato uwa za ta ba ɗanta cokali guda tana zaton ta ba shi magani, alhali kusan rabinsa ruwan sukari ne. Badi'a ta manna wa zubin jar takarda, ta hana shi fita.

Kafin la'asar manaja ya kira ta. Alhaji Anwar ke nan, ɗan mai kamfanin, saurayi mai ƙamshin turare, wanda ya yi karatun kasuwanci a ƙasar waje ya dawo da kalmar "rage asara".

"Famasis, zauna. Na riga na gano matsalar, na ma sa an buga rahoto don in sauƙaƙa miki." Ya turo mata takarda. "Tankin nan kilo ashirin da huɗu na garin farasitamol yake ci. Tsohon nan ya zuba sha biyar, ya fita da tara. Lissafi ne, sittin da biyu cikin ɗari. Sa hannunki kawai ya rage. Gobe mu sallame shi, mu kira 'yan sanda su ɗan tsorata shi."

"Saura wata nawa ya yi ritaya?"

"Bakwai. Amma ɓarawo ba shi da ritaya."

Ta ɗauki takardar ta koma ofis. Ta karanta ta sau uku, kowane karatu ya fi na baya daɗi. Kora, ba haƙƙin sallama, ga sunan sata da zai bi shi har masallacin unguwarsu. Ko ita da ta yi shekara goma tana tsarawa ba ta tsara abin da ya kai wannan kyau ba.

Ta cire murfin biro. Sai ta ce bari dai ta haɗa da takardar zubi, wadda mai haɗi ke cikewa yayin aiki, don hujja ta cika.

Aka kawo. Shafi shida. Ta buɗe, ta yi murmushi.

Biro ɗaya. Hannu ɗaya. Aikin kwana uku, amma tawadar ba ta canja ba, ba ɗigon sukari, ba layin kuskure ko ɗaya. Rubutu kamar na katin ɗaurin aure. Ta jawo na watannin baya, duk haka suke. Wata huɗu tana auna maganinsa, ba ta taɓa tsayawa ta kalli rubutunsa da idon Malam Lawan ba.

Yanzu laifi ya zama biyu. Ta aika a kira Gwadabe, don irin wannan abincin ba a ci a ɓoye.

Ya shigo ya tsaya, hularsa ta aiki a hannu. Labari ya riga ya kai masa.

"Malam Gwadabe, a ina kuka cike wannan takardar?"

"A ɗakin haɗi, ranki ya daɗe."

"Da safar hannu? Kuna tsaye?"

Ta turo masa takardar.

"Kwana uku kuna aiki da sukari, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ina tambaya, a ina kuka cike ta?"

"Ran Juma'a ne, a ofis." Muryarsa ta yi ƙasa. "Takarda ce ta hukuma, ranki ya daɗe. Ba ta kamata da datti ba. Shekara talatin da ɗaya haka nake yi, ba wanda ya taɓa cewa komai sai yabo."

"To daga ina kuke kwafewa? Daga ka?"

"A'a, wallahi. Ina rubutawa a lokacin."

"A kan me?"

Ya fita. Bayan minti biyar ya dawo da tsohon buhun sukari, ya zazzage a gabanta. Gutsattsarin kwali ne, ɗaruruwa, an ɗaure su da roba wata-wata. Kowanne da kwanan wata, da lambar duro, da nauyin da sikeli ya nuna. Wasu sun yi danƙo, wasu da shatin yatsa. Lambobin na boko ne, bayanin kuwa da ajami.

Ta nemo na ranar. Kilo ashirin da huɗu daidai. A ƙasa, da ajamin da ta koya a Islamiyya, an rubuta: "Sabon duro. Garin nan bai yi mini ba, ya cika sheƙi, ɗacinsa kaɗan. Na gaya wa Manaja, ya ce a zuba."

"Ɗacinsa? Lasa kuka yi?"

"Ɗan kaɗan, a kan yatsa."

"Wannan ma laifi ne."

"To, ranki ya daɗe."

Ta sallame shi, ta riƙe buhun. Ta nufi sito. Durorin suna nan goma sha ɗaya, kowanne da koriyar takarda mai nuna an gwada an amince. Ita kaɗai ke da ikon manna koriyar takarda, kuma ba ta taɓa ganinsu ba. Mai sito ya ce wata Asabar aka kawo su, Manaja da kansa ya manna, ya ce masu sayarwa sun haɗo da takardar shaida, ba sai an ɓata lokaci ba.

Ta ɗebi samfuri daga kowanne. Washegari sakamako ya fito. An gauraya garin da wani abu mai arha. Wanda ya fi kyau a cikinsu kashi sittin da biyar ne.

Jama'a, babu abin haushi a duniya irin ka kama maƙiyinka da gaskiya a hannu.

Badi'a ta rufe ofis ta zauna. Rahoton Anwar a dama, buhu a hagu. A ƙa'idar aiki, gutsuren kwali ba takarda ba ne, ba wanda zai zarge ta in ta yi watsi da shi. Anwar bai san da buhun ba. Gwadabe kuwa ko ya yi ihu, wa zai saurari mutumin da aka kama yana cike takarda ran Juma'a? Sa hannu ɗaya, shekara goma ta biya kuɗin sabulu.

Sai dai in Gwadabe ne ɓarawon, to durorin ba su da laifi. In ba su da laifi, ran Litinin za a buɗe na gaba. Zubi goma sha ɗaya. Ta soma lissafin kwalabe, ta bari, don ɗanta ma da irin maganin take sauke masa zazzaɓi.

Ta yi tsaki mai tsawo, irin na wanda aka ƙwace wa nama a baki. Ta jawo sabuwar takarda ta rubuta nata rahoton.

Da Anwar ya karanta, ƙamshin turarensa ma sai da ya ragu.

"Famasis, ba wannan muka yi da ke ba."

"Ba mu yi komai da ku ba, Alhaji. Kun ba ni takarda, na karanta."

"Kin san wa kike karewa? Tsohon da ba ya ganin kowa da gashi? Ni fa na ji labarin abin da ya yi miki a nan. Hauwa ta layin kwali ta gaya mini. Dama na ba ki."

"Na gode da damar. Na kuwa so ta, ba zan ɓoye muku ba. Amma ni ramuwata tawa ce, ba na ba da ita haya a rufe duro da ita."

"In na ce ki janye fa?"

"Lasisin da ke bangon can sunana ne a jiki, ba naku ba. In na sauke shi, injin nan ba ya juyawa gobe. Kuma kwafi ɗaya ya tafi wajen Alhaji Babba, ɗaya wajen hukumar kula da magunguna. Tun safe."

Alhaji Babba, mai kamfanin, ya zo da kansa daga Nassarawa. Dattijo ne da ya fara da shagon magani guda, ya kuma san abin da sunan mutum yake nufi a kasuwa. Bai ɗaga murya ba. Jami'an hukuma suka kwashe durorin da zubin gaba ɗaya, kamfani ya sha tara da gargaɗi. Anwar kuma aka mayar da shi kula da kamfaninsu na ruwan leda a Challawa, inda abu ɗaya ake sarrafawa, shi ma Allah ya riga ya haɗa shi.

Kada ku ɗauka Gwadabe ya tsira. Rahoton shafi biyu ne, shafi na biyu nasa ne. Cike takarda bayan aiki, lasar kayan haɗi, zuba garin da shi kansa bai yarda da shi ba ba tare da ya sanar da famasis ba. Aka sauke shi daga supabaiza, aka ba Hauwa, wadda ta yi shekara goma sha huɗu a layin kwali. Sauran watanninsa bakwai kuma, duk zubin da zai haɗa, Badi'a na tsaye a kansa, yana rubutawa a takardar hukuma a lokacin, a gaban yaran da ya saba yi wa tsawa.

"Malam Gwadabe, wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Bakwai ce, ranki ya daɗe."

"Ba ta yi kama ba. Ku ja layi ɗaya. Ku sa hannu. Kwanan wata."

Takarda na ɓaci, yana kallon dattin kamar an sa shi zubar da miya a kan sabuwar riga. Ba za a ce Badi'a ba ta ji daɗin watannin nan ba. Ta ji. Ko ranar hutu ba ta ɗauka ba.

A cikin makon farko ne ya tsaya bayan an tashi, ya ce, "Ranki ya daɗe, an ce ke ce 'yar Zakari ta Panshekara."

"Ni ce."

"An kuma ce takardar korata tana hannunki, kika ƙi sa hannu."

"Ba don ku na ƙi ba. Ku riƙe wannan da kyau. Da kun saci ko cokali ɗaya, da ni zan raka ku get."

Ya daɗe yana juya hularsa.

"Abin da na yi miki, ban ma tuna da shi ba sai da Hauwa ta tuna mini. Wannan ya fi komai ba ni kunya. Ki yafe mini."

Ta so ta ce a'a. Ta duba cikinta ta ga haushin ya ragu sosai, ba ta san lokacin da ya tsiyaye ba. Ta ce za ta duba.

Ya yi ritaya da mutuncinsa da haƙƙinsa. Badi'a ta ɗauka an rufe littafi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Bayan wata biyu, ranar wata Lahadi da hantsi, sai ga sallama a ƙofar gidanta a Zawaciki. Malam Gwadabe ne cikin babbar riga, da ƙullin goro da alawa. Matar ɗansa ta haihu, mace. An yi suna jiya.

"Allah ya raya. Me aka sa mata?"

"Badi'atu," ya ce, yana washe baki. "Takwararki ce. Na ce duk zuri'armu ba wanda ya cancanta sai ke."

Kowa ya san abin da takwara take nufi a ƙasar nan. Ba a mayar da ita, ba a kuma zuwa ganinta hannu rabbana. Mahaifin Badi'a da ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce maza ta haɗa akwati kada ta ba su kunya.

Bana shekara uku ke nan. Duk Sallah, ƙarama da babba, Badi'a ce ke ɗinka wa jikar Gwadabe kaya, har da takalmi.

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda ya shigo ta ƙofar share fage, domin ba ka san takardar wa za ta biyo ta teburinsa ba. Kai kuma da aka zalunta, ka sani ramuwa kamar magani ce, da awo ake ba da ita: daidai laifin, ba ƙari, kuma ba a haɗa ta da ƙarya, don in ta wuce awo waɗanda ba su ji ba su gani ba ne ke shan ta. Ku tura wa duk mai riƙe da biron sa hannu, da duk ɗalibin da ke ganin shekarar rimidiyal asara ce.